Ɗakin Mai Guduma

Shafi na 9

Sallama gare ku 'yan uwa. Ku yi haƙuri da shirun da na yi, shafin nan na rubuta na goge har na rasa adadi. Wadda ta ce in rage dogon bayani, na ji, na kuma gode. Ga waɗanda yau suka shigo: Baba ya rasu ya bar mana gida mai ɗakunan haya, kuma a shafin baya Umma ta amince, a karo na farko, a sa ɗan haya a ɗakinsa na kansa.

*

Ƙamshin ne ya riga su shigowa.

Ina durƙushe ina goge ƙasan ɗakin Baba na ji shi, turare mai ƙarfi irin wanda ke kama maƙogwaro. Sai da na yi atishawa.

Daga ƙofar gida na jiyo Kafinta, ɗan hayarmu da ya fi kowa daɗewa, yana tari a rumfarsa.

"Kai! Wa ya fasa kwalba?"

"Matar Yaya! Ina kike? Fito, ga alheri na kawo miki har gida!"

Muryar Baffa ce, ƙanin Baba. Tunda aka yi rasuwa ban taɓa ganin haƙoransa a gidanmu ba sai yau.

Umma ta fito tana gyara mayafi. A bayan Baffa wani dogon mutum ne cikin farar riga mai ɗaukar ido, yana juya makullai a ɗan yatsa. A raina na raɗa masa suna Mai Ƙamshi.

Aka gaisa. Baffa ko zama bai yi ba ya fara.

"Mutum ne kamili, matar Yaya. Ba hayaniya, ba baƙi, ba iyali balle yara su zane miki bango. Irin wannan ɗan haya roƙon Allah ake yi a samu."

Umma ta ce, "Madalla. Malam, wace sana'a ake yi?"

"Harkoki, Hajiya. 'Yan harkoki."

"Allah bai kira ni ba tukuna. Ka ce Umma kamar kowa. Harkokin me?"

Baffa ya yi dariya. "Ke dai nuna masa ɗaki. Mai tabarau, tashi ki ba manya wuri."

Ni ce mai tabarau. Na ɗauki bokitina na raɓe a bakin ƙofa.

Ɗakin Baba shi ne na farko da aka gina a gidan, tun muna zaune mu duka a cikinsa. Har yanzu ƙusar da yake rataye hularsa tana nan. Mun kwashe komai, amma ita Umma ta hana a cire.

Abin da Umma ta yi daga nan shi ya sa idona ya kawo ruwa, domin sak haka Baba yake yi. Aibin ɗaki yake fara nuna wa mutum kafin kyansa.

"Tagar nan," in ji Umma, "idan damina ta yi nisa takan kumbura, sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Kusurwar can danshi ya taɓa kamawa. Marigayi bai shafe shi da fenti ba, ya kankare ya nemo inda ruwan ke shigowa ya toshe, sannan ya sake yaɓe. Idan ka ga ya dawo, ka faɗa min a ranar."

"Haba matar Yaya," Baffa ya ce ƙasa-ƙasa, "wa ke kushe hajarsa a gaban mai saye?"

"Wanda ba ya son rigima gobe."

Ni kuwa idon Mai Ƙamshi nake kallo. Baba yakan ce da ni, "Auta, bakin ɗan haya kowa ya iya gyara shi. Ki bi idonsa. Mai niyyar zama rufi yake fara ɗaga kai ya duba."

Mutumin nan bai ɗaga kai ba. Kusurwar danshin ma ko waiwaya bai yi ba. Bango yake bi yana shafa wuraren jona wuta.

"Wayar wutar nan tana da ƙarfi? Za ta ɗauki ƙwan fitila da yawa?"

"Ɗaki ɗaya, ƙwai da yawa?"

"Ina son haske ne, Umma. Tagar fa, tana rufuwa ruf? Iska ba ta shigowa?"

"Mutane iska suke nema."

"Ni sanyi ne ba na so."

Ya tambayi ruwa, ko famfo na kawowa kullum. Bai tambayi inda gado zai zauna ba, bai tambayi banɗaki ba, bai tambayi su wane ne maƙwabtansa ba.

"Yanzu a ina kake zaune?"

"Can... ta bayan kasuwa."

"Me ya sa za ka tashi?"

"Wuri ya yi min kaɗan."

"Kai kaɗai?"

Baffa ya katse. "Wannan tambayoyi sai ka ce a gaban alƙali! Ni na kawo shi. Ni na tsaya masa. Maganata ba ta isa ba?"

"Ta isa, Baffan yara. Amma ka san yayanka. Ko wa ya kawo masa mutum, sai ya taka da ƙafarsa ya ga ɗakin da mutumin zai baro. Yadda ya bar wancan, haka zai bar wannan. Malam, ka yi min kwatance, zan zo mu gaisa da maƙwabtanka."

Makullan da ke yatsan Mai Ƙamshi suka tsaya da juyawa. Ya kalli Baffa.

"Ba ya zama a gida," in ji Baffa da sauri. "Sai an sa rana. Mu je, Malam. Matar Yaya, ki yi tunani, amma kada ki daɗe. Irinsa rububi ake yi."

Suka fita suka bar mana ƙamshin.

Umma ta daɗe a tsaye a tsakiyar ɗakin. Can ta ce,

"Auta, ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Kin ga makullin da ke hannunsa?"

"Na ga yana ta juya su."

"Ba ki ga mai rawayan kai ba?"

Sai na tuna.

Baba yana da wata ɗabi'a. Duk ragowar fentin da ya yi saura a gwangwani, sai ya tsoma kan makullai a ciki. Na gidanmu shuɗi, kalar ƙofofinmu. Na gidan hayar Baffa rawaya, domin shi ma Baba ne ke kula masa da shi, kuma ba ya son su cakuɗe masa a aljihu. Ni nake jera su a kan jarida su bushe.

"Umma, ai kowa zai iya fenta makulli."

"Zai iya. Shi ya sa za mu je. Gani ya kori ji."

*

Muka hau bas, Umma ta zauna a gefena. Ni kuma na jingina kai da gilashi ina kallon rufin gidaje, sai na ga kamar jiya ne.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka, Baba zai jingina tsani ya hau. Aikina in riƙe masa. Sai in riƙe da hannu ɗaya, ɗayan kuma littafi.

"Auta, tsanin za ki riƙe ko littafin?"

"Duka biyu, Baba."

"To idan na faɗo sai ki karanta min."

Zai kwashe ganyen da ya toshe indararo, ya bi kwano yana buga ƙusar da ta ɗago, ya sauko ya bi ƙofofi yana ɗiga musu mai don kada su yi kuka. Famfo idan ya fara ɗiga, ba ya bari rana ta faɗi a kansa. 'Yan haya har dariya suke yi masa, su suka sa masa suna Mai Guduma, don ko gaisuwar mara lafiya zai je tana cikin aljihunsa.

Na taɓa tambayarsa ko ba ya gajiya.

Ya ce, "Gida tamkar tsoho ne. Ba abu mai yawa yake nema ba, a dai riƙa leƙa shi. Ranar da kika daina leƙawa, ranar ya fara mutuwa."

Idan ya gama namu, sai ya ɗora ni a bayan kekensa mu tafi gidan Baffa ya yi masa irin wannan. Baffa yana shagonsa, ko sani ba ya yi.

Muka sauka. Sai da na sake duba layin, don ban gane gidan ba.

Indararo ya ɓalle yana lilo. Famfon tsakar gida an ɗaure masa wuya da roba, amma yana ta zuba, ƙasansa ya yi kore shar. Bishiyar gwaibar da nake zama ƙarƙashinta an sare ta. Ɗakuna duk a kulle, ban da guda biyu.

Sannan warin ya buge mu.

Na toshe hanci da mayafi. Umma ko motsi ba ta yi ba.

Daga ɗaki na ƙarshe ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Wata dattijuwa ta leƙo, da tsumma ɗaure a hancinta. Ta zare shi ta zuba wa Umma ido.

"Lah! Matar Mai Guduma! Ashe rai kan ga rai?"

Mai Ɗinki ce, tun ina ƙarama take gidan. Ta rungume Umma, suka yi kukan rasuwar Baba kamar yau aka yi ta. Ta juyo kaina.

"Wannan ba ita ce mai cinye min gwaiba tana karatu ba? Har yanzu idon bai ƙare ba?"

"Da saura, Inna."

Umma ta share fuska ta ce, "Yaya, tambaya na zo yi. Akwai wani dogo a gidan nan, mai farar riga, mai..."

"Mai turare?"

"Shi."

Mai Ɗinki ta tafa hannu. "Zo ki ga turare."

Ta ja mu zuwa ɗakin da ke buɗe. Ɗakin da Baba ya taɓa kwana biyu yana gyara wa silin, ina miƙa masa ƙusa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ku yi haƙuri.

Ƙasa duk garin katako ne da kashin kaji, sun haɗu sun daskare, sumuntin ya ɓurme ta ko'ina. Wayoyin wuta sun sauko daga sama kamar igiyar shanya, wasu sun narke. Bango ya yi baƙi ƙirin inda ake ajiye kaskon gawayi. Silin ya yi ciki, ya kumbura. Tagar an liƙe ta da leda da ƙusa.

"Kaji," in ji Mai Ɗinki. "'Yan tsaki yake sarowa, ya kunna musu fitilu da gawayi su ji ɗumi, su girma ya sayar ya kawo wasu. Shi a wani wuri yake kwana. Turaren da kika ji, da me kike so ya shiga mutane?"

"Sauran 'yan hayar fa?"

"Wa zai zauna? Malamin makaranta ya tafi, mai gyaran rediyo ya tafi. Amaryar nan mai ciki amai ta dinga yi har mijinta ya kwashe ta. Gashin kaji ya toshe magudana, wuta kullum sai ta ɗauke. Ni ce kawai, don ban da inda za ni da keken nan."

"Mai gidan bai sani ba?"

"Ranar da zai ba shi ɗaki ko tambayarsa sana'a bai yi ba. Ya ga farar riga, ya miƙa makulli. Da Mai Guduma na nan, ai da sai ya zo ya zaunar da ni ya ce, 'Yaya, ya kika ga baƙon nan?' Shi wannan sai da mutane suka watse ya farka. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo masu sulhu. Mutumin ya ce ƙafarsa ƙafar kajinsa, ba inda za shi sai an nemo masa wani wuri."

Umma ta dafa bango. Na ga ta cire hannun ta kalli baƙin da ya shafar mata.

A nan na tuna wata maganar Baba. Yakan ce idan ka je bincike kada ka tsaya a bakin mai gida. Mai gidan da ke neman kai da mutum ya fi kowa iya yabonsa. Ka nemi wanda suke haɗa famfo.

Ashe mai gidan da ke yabon, a tsakar gidanmu ya tsaya yana yi.

"Yaya," in ji Umma a hankali, "ina kajin?"

"Au, ba ki sani ba? Allah ya yaye mana! Ɗazun nan mota ta zo ta kwashe. Mai gida ya samo masa ɗaki. Da kunnena na ji yana ce masa gidan wata bazawara ce, ba ta iya cewa a'a, da zarar kaya sun shiga shi ke nan. Har makulli ya ba shi. Na ce oh, ko wace baiwar Allah ce..."

Ta tsaya. Ta kalli Umma. Ta kalle ni. Ta sa hannu a baki.

"Innalillahi. Ke ce?"

*

Makullin ɗakin Baba guda biyu ne. Ɗaya yana wurin Umma. Ɗayan Baffa ya karɓa lokacin zaman makoki don ajiye kayan baƙi, kuma kunya ta hana a tambaye shi.

Umma ta ciro waya ta miƙo min, na danna mata lambar Kafinta.

"Malam, wata mota ta tsaya a ƙofar gida?"

Na jiyo muryarsa. "Babu, Umma. Lafiya?"

"Ajiye abin da kake yi. Je ka cire ƙofar ɗakin marigayi."



"Umma, ƙofar da ya kafa da hannunsa?"

"Ita. Har da tagar. A hankali, kada ka ji musu ciwo. Ka kai su rumfarka ka rufe."

"An gama."

Muna saurin zuwa bakin titi na ce, "Umma, me zai hana a sa wani kwaɗon kawai?"

"Kwaɗo bugu ɗaya ne, kuma Baffanki ba zai ji nauyin bugawa ba. Amma nuna min wanda zai zuba dukiyarsa a ɗakin da ba ƙofa."

Ta ƙara da cewa, "Ɗan haya kafin ya shiga, ke ce mai gida. Idan ya shiga, sai yadda Allah ya yi."

Bas ɗin kamar ba ya tafiya. Kowa ya ɗaga hannu sai direba ya tsaya. Na dinga addu'a a zuci, ina ganin ƙusar hular Baba da wayar wuta a rataye a jikinta.

Tun daga kan kwana muka hango motar kaya a ƙofar gidanmu.

Kwalaye ne masu huji-huji an jera har sama, kukan 'yan tsaki ya cika layi. 'Yan dako sun sauke wasu sun tsaya da su a ka. Maƙwabta sun fito.

A tsakar gida, Mai Ƙamshi yana tsaye da makulli a hannu, yana kallon ɗakin Baba. Ba ƙofa, ba taga. A daidai bakin shiga, kyanwar ma'aikaciyar asibitin da ke haya a ɗakin tsakiya ta zauna ta naɗe jela, idonta ƙur a kan kwalaye, tana lasar baki.

Wallahi da ba don halin da muke ciki ba, da na yi dariya.

Baffa yana ta zufa yana yi wa Kafinta tsawa.

"Wa ya sa ka? Na ce wa ya sa ka?"

"Ni," in ji Umma daga bayansa.

Ya juyo. "Matar Yaya, wane irin wulaƙanci ne wannan? Na kawo miki mutum..."

"Ɗakin yana gyara."

"Gyaran me? Ɗazu lafiyarsa ƙalau!"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ta gyara mayafi. "Baffan yara, daga gidanka muke. Mai Ɗinki tana gaishe ka."



Umma ba ta ɗaga murya ba. Ni da na san ta, na san gara ta yi ihu.

"Na ga silin ɗin da yayanka ya gyara maka. Na ga famfon. Na ga inda gwaiba take a da. Wannan shi ne alherin da ka kawo min har gida?"

"Ki saurare ni..."

"A ɗakin nan ya yi jinya. A ɗakin nan ka zauna ka riƙe hannunsa ka ce kada ya damu da mu. Ko ba kai ba ne?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya cire hula ya share goshi. A karo na farko na lura yadda ƙeyarsa take kama da ta Baba, har sai da na kawar da ido.

Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa, mu kaɗai muke ji.

"Ya cinye min gida, matar Yaya. Ni ban san ta inda ake farawa ba. Yaya ne ke zaɓar min mutane, shi ke hawa rufi, shi ke komai. Ni dai na san gida yana nan lafiya. Da ya tafi, na farko da na saka da kaina ke nan. Na ce ke kin iya da mutane, wataƙila ke ya ji maganarki..."

"Sai ka ɗauko wutar da ke cin gidanka ka kawo ɗakin ɗan'uwanka."



Umma ta sauke numfashi. Na ga fuskarta ta ɗan saki.

"Da ka zo ka ce min, 'ga halin da nake ciki', da ni da kai mun zauna. Akwai hanyar fitar da mutum ba tare da an zalunce shi ba. A ba shi wa'adi a gaban shaidu, a nemo masa fili a bayan gari inda kaji ke zama. Gidan naka ma ba mutuwa ya yi ba, Kafinta zai duba silin, ni zan tsaya a kan sauran. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Wallahi na ɗauka an gama. Na ga idon Baffa ya yi ja, na ga ya buɗe baki kamar zai ce to.

Sai Mai Ƙamshi ya matso.

"Malam, ni fa kajina rana na dukansu. Idan nan babu wuri, magana ta ƙare." Ya ɗaga murya. "Direba! A mayar da kaya. Mu koma inda muka fito."

"A'a!" Baffa ya zabura. "Tsaya! Kada wanda ya ɗaga kwali!"

"To ya za a yi? Ka ce min matar ba ta iya cewa a'a."

Wani ɗan dako ya fashe da dariya. Maƙwabta suka ɗauka. Wata daga bakin ƙofa ta ce, "Yau dai ta koya!"

Na ga dariyar nan ta shiga Baffa kamar ƙaya. Ya kalli mutanen, ya kalli motar da za ta koma gidansa, ya mayar da hularsa. Fuskar da ta yi kama da ta Baba ta ɓace.

"To shi ke nan," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Tunda abin tonon asiri ne, a yi ta ta ƙare. Matar Yaya, an raba gadon gidan nan?"



"Na ce an raba?"

"Ba a raba ba."

"Yaya ya bar ɗa namiji?"

Ni da yayata ce kawai, kowa ya sani. Na ji tabarau ɗina yana zamewa, na kasa ɗaga hannu in gyara.

"To ina da rabo a gidan nan, kin sani, na sani. Kunya ce ta sa na yi shiru. Yau kin cire min ita tare da ƙofa." Ya miƙa hannu ya nuna. "Wancan ɗakin na zaɓa. Kuma na ba wanda na ga dama."

"Baffa!" Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

Ko kallona bai yi ba.

"Kafinta, je ka ɗauko ƙofar nan ka mayar."



Kafinta ya kalli Baffa. Ya kalli ɗakin. Sannan ya juyo a hankali ya fuskanci mahaifiyata.

"Umma... in mayar?"